Yoyon haske a kyamarar roba: a fara toshewa kafin a buɗe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina neman ɗan fili domin in yi bayani ga matasanmu da suka shiga sha'awar ɗaukar hoto da fim, musamman masu neman jan hasken nan da ke malalowa daga gefen hoto kamar wuta ta lashe shi. Yawancinsu a manhajojin waya suka fara ganinsa, inda ake liƙa shi da taɓawa ɗaya. Asalinsa kuwa aibi ne. Haske ne ya saci hanya ya shiga kyamara ta wata kafa da ba idon da ke gabanta (wato lens) ba, ya taɓa fim. Mai hoto na da idan ya ga haka cewa yake fim ya ƙone, ya sake ɗauka. Yanzu da ake nemansa da gangan, sai magana ta yaɗu cewa abin sa'a ne, ka sayi kyamara mai yoyo ka bar wa Allah. Wannan magana tana jawo asarar fim, kuma fim ba arha yake ba. Yoyon haske yana da ma'auni kamar kowane haske da ke shiga kyamara, kuma wanda bai iya toshe kyamararsa ruf ba, ba zai iya sarrafa shi ba.

Kyamarori biyu ne suka yi suna a wannan fanni, dukansu 'yan Hong Kong. Diana ta fito a shekarun 1960 daga masana'antar Great Wall Plastic da ke Kowloon, kuma kamfanin Lomography na birnin Biyena ya sake ƙera ta a 2007. Holga kuwa T. M. Lee ne ya fito da ita a farkon shekarun 1980, da nufin iyalan ma'aikata a ƙasar Sin su sami kyamara mai sauƙin kuɗi. Gangar jikinta roba, idonta roba mai tsawon milimita 60, ƙyauren da ke buɗewa haske ya shiga kuma gudunsa ɗaya ne, wajen kashi ɗaya cikin 100 na sakan. Tana cin fim mai lamba 120, hoto 12 masu faɗin santimita 6 da 6, ko 16 masu 6 da 4.5. Kada a raina ta don ana ce mata kyamarar wasa: da ita mai ɗaukar hoton jarida David Burnett ya ɗauki hoton ɗan takarar shugaban ƙasa Al Gore lokacin yaƙin neman zaɓen Amurka na 2000, hoton da ya ci masa lambar yabo. Kan Holga zan fi tsayawa, domin ita ce ta fi kafofi.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne lissafin lokaci. Hoton da kake ɗauka kashi ɗaya cikin 100 na sakan kawai yake samu. Kafar da ke yoyo kuwa ba ta da ƙyaure, a buɗe take tun daga lokacin da ka saka fim har ka cire shi. Minti ɗaya ya ninka lokacin ƙyauren sau 6,000. Shi ya sa tsaga wadda ko ido ba ya gani take iya cinye rabin hoto idan kyamara ta yini rataye a kafaɗa cikin rana, kuma shi ya sa a fim ɗaya za ka ga hoto na 3 fes, na 4 ya ƙone: na 3 ka ɗauka ka murɗa nan take, na 4 ya kwana biyu a gurbinsa. Ƙarfin hasken waje ma yana cikin lissafi. Inuwar bishiya ko ta gini ta gaza rana tsaka wajen sau takwas, hasken ɗaki mai ƙwan lantarki kuma ya gaza ta sau ɗaruruwa. Fim ɗin ma haka, ISO ne ma'aunin jin haskensa, kuma ISO 400 ya fi ISO 100 jin haske sau huɗu. Da irin ranar da muke da ita a watannin bazara, sakan biyar a filin Allah ba wasa ba ne.

Sai launi, wanda mutane ke ɗauka shi ma dace ne. Fim mai launi yana da shimfiɗu uku a kan ledarsa. Ta sama, mai fuskantar ido, tana jin shuɗi. A ƙarƙashinta akwai wani siririn shafi mai ruwan ɗorawa da ke tare shuɗin kada ya wuce. Sai mai jin kore, sannan ta can ƙasa, manne da leda, mai jin ja. Hasken da ya zo ta gaba yana bin su a jere yadda aka tsara, don haka yoyonsa fari yake fitowa, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi. Wanda ya zo ta baya kuwa shimfiɗar ja yake fara tararwa. Idan kaɗan ne, sai ka ga ja mai duhu. Idan ya ƙaru ya kai ga shimfiɗar kore, sai ya koma ruwan goro, daga nan ruwan ɗorawa, idan ya cika duka ukun sai fari fat. Wannan ne dalilin da ya sa tabo ɗaya yake da farar tsakiya, da'irar ɗorawa, sannan jan baki. Mai son ja sai ya buɗe kafa a baya kuma ya taƙaita lokaci. Mai son shuɗi ko kore sai ya shigar da hasken ta gaba, ya rufe kafar da leda mai wannan launin, domin daga baya da wuya a sami shuɗi ko da an yi amfani da shuɗiyar leda. A baƙi-da-fari irin Ilford HP5 ko Kodak Tri-X duk wannan ba ya tasowa, farin tabo ne kawai, kuma a ganina bai cika ƙara wa hoto komai ba.

Yanzu toshewa. A cire fim, a shiga ɗaki mai duhu sosai, a kunna ƙaramar tocila a saka cikin kyamarar a rufe murfin baya. A jira minti biyu ko uku ido ya saba da duhu, sannan a riƙa juya ta a hankali. Duk inda haske ya leƙo a yi masa alama. A Holga wuraren da aka sani su ne layin da murfin baya ya haɗu da gangar jiki, sama da ƙasa, da gefe biyu inda maƙalan ƙarfe suke, da jar tagar da ake karanta lamba. A tsofaffin samfura irin 120S akwai ƙananan ramuka biyu a rufin akwatin ciki, sama da ido, waɗanda ke bayyana da zarar an cire firam ɗin roba na 6 da 4.5. Duka a bi su da baƙin salatif. Wanda ya fi dacewa shi ne na yadi, mara sheƙi, irin wanda masu shirya fina-finai ke ɗaure waya da shi, faɗin santimita biyu zuwa biyu da rabi. Na masu wayarin ana samunsa ko'ina, amma a zafi danƙonsa yana narkewa, ya zame daga gurbinsa ya bar maiƙo a jikin kyamara, wasu kuma siraran sai an ninka biyu kafin su tare rana. Jar tagar a yi mata marfi: guntun baƙin kwali da salatif a gefe ɗaya, a ɗaga a inuwa a murɗa fim, a mayar. Abin zamiyar da ke kanta ba rufewa yake yi ba, zaɓi ne kawai tsakanin 12 da 16.

A nan bari in tsoma wani gargaɗi. Maƙalan ƙarfen da ke riƙe murfin Holga su ne kuma ake ɗaura wa igiyar rataya. Idan igiyar ta fizgu, suna iya zamewa murfin ya faɗo ƙasa gaba ɗaya. Wannan ba yoyo ba ne, mutuwar fim ce. Salatif a kan kowane maƙali, ko robar ɗauri mai kauri a zagaye jikin kyamarar, ya raba gardama.

Bayan an toshe, sai a sadaukar da fim ɗaya domin gwaji, da littafi da biro a aljihu. A zaɓi wuri ɗaya mai ɓangaren duhu, kamar bango mai inuwa ko ƙofar zaure, a ɗauke shi sau 12. Hoto na 1 da na 2 a bar komai a rufe, su ne shaidar cewa toshewar ta yi. Daga na 3 zuwa na 6 a ɗaga marfin jar taga a fuskantar da ita rana: sakan 15, sakan 30, minti ɗaya, minti biyu. Ninkawa ake yi domin fim da ninki yake gane bambanci, tsakanin sakan 15 da 18 ba za ka ga komai ba. Na 7 a bar shi a rufe. Daga na 8 zuwa na 11 a ɓare santimita biyu na salatif ɗin gefen dama, a inuwa: sakan 5, 10, 20, 40. Waɗannan adadi mafari ne da fim mai ISO 400, domin ko Holga biyu da aka saya rana ɗaya ba sa yoyo iri ɗaya. Abin da littafinka ya nuna bayan wanki shi ne ma'aunin kyamararka.

Wajen karanta sakamakon ne da yawa suke ruɗewa. A duba nagetif ɗin kansa, wato fim ɗin da aka wanke, a gaban haske, kada a dogara da hoton da aka turo a waya. A nagetif yoyo baƙin tabo ne. Idan tabon ya tsallake iyakar hoton ya hau kan bakin fim inda sunan kamfani da lambobi suke, to daga jiki ko murfi ya shigo. Idan ya tsaya cak a kan iyakar hoton, ta gaba ya zo: ko rana ce ta bugi idon kyamara, ko hasken ya yi tsalle a kan robar ciki mai sheƙi, wadda ake kashewa da baƙin fenti mara ƙyalli. Sannan a tuna hoto a kife yake sauka a kan fim. Tabon da ka gani a saman hoto daga ƙasan kyamara ya shigo, na hagu kuma daga damanta idan kana riƙe da ita kamar za ka ɗauka. Akwai kuma wani abu: kamar yoyon rufin kwano ne, inda ruwa ya ɗiga ba lalle nan ramin yake ba. A Holga fim yana tafiya daga kwarkwaron hagu zuwa na dama, wato sandunan da yake naɗewa a kansu. Kafar da ke gefen dama tana ƙona hoton da ka riga ka ɗauka ka murɗa, ta gefen hagu kuma tana ƙona wanda ba ka kai gare shi ba tukuna. Saboda haka a gwajin gefen dama, tabon da ka buɗe wa kafa a lamba 9 ka neme shi a lamba 8.

Siffar tabon ma tana magana. Idan fim yana tsaye lokacin da hasken ya shiga, tabo ne mai iyaka, sau da yawa ginshiƙi a tsaye daga sama zuwa ƙasa. Idan kana murɗawa kafar na buɗe, sai ya ja doguwar jela a kwance. Mai son jela sai ya buɗe kafar, ya murɗa a hankali cikin sakan uku ko huɗu, ya rufe.

Fim 120 yana da takarda a bayansa wadda cikinta baƙi ne, kuma aikinta ke nan, tare haske. Wannan ya sa huda murfin baya da allura ba ya ba da abin da ake zato, sai hasken ya zagayo ta bakin takardar. Jar tagar ma an gaje ta ne daga zamanin da fim ba ya jin ja. Fim na yanzu yana ji sarai, takardar ce ke kare shi. Idan aka wuce gona da iri a tagar, za a ga jan dabbare a tsakiyar hoto, wani lokaci har da lambobi da ɗige-ɗigen takardar sun fito a kan fuskar mutum. Wasu suna so. Ni dai ina ganin ɓata hoto ne, domin tsakiya nan ne abin da ka ɗauka yake.

Hanyar da ta fi ba da kyakkyawan sakamako a 120 ita ce sakin naɗi. Holga ba ta matse fim da kyau, ɗan soson da ke ƙarƙashin kwarkwaro ne kawai ke riƙe shi, idan ya tsufa kuma sai naɗin ya fito a kumbure har takarda ta haura bakin kwarkwaron. Masu gudun yoyo suna cusa guntun kwalin fim a ninke ƙarƙashin kwarkwaro don ya yi tauri. Mai neman yoyo kada ya saka kwalin. Idan fim ya ƙare, a buɗe a inuwa mai kauri, a ciro naɗin ba tare da an ja takardar an matse ba, a bar shi sakan biyu ko uku, a liƙe, a naɗe shi da takardar alminiyom. Hasken zai shiga ta baki biyu ya yi harsuna a sama da ƙasan hotuna, tsakiya ta tsira. Hotunan ƙarshe, na 10 zuwa 12, su ne a waje, su za su fi sha. Don haka hoton da ba ka son rasawa ka ɗauke shi a farkon fim. Kuskuren da aka fi yi shi ne jefa kumburarren naɗi cikin jaka haka nan ba rufi, ya yi kwanaki yana shan haske har ya kai wurin wanki.

A ƙananan kyamarorin roba masu fim milimita 35, irin Diana Mini, Holga 135 ko Vivitar Ultra Wide & Slim, babu takarda, don haka ja yana zuwa da sauƙi kuma ɓarna ma haka. Hanya mafi arha ita ce hoton farko. Harshen fim da ka ja ka maƙala ya riga ya ƙone. Maimakon ka harba biyu a banza kamar yadda aka saba, ka fara ɗaukar abin kirki tun daga murɗawar farko. Ɗaya daga cikinsu zai faɗa kan iyakar ƙonannen wuri da lafiyayye, rabi wuta rabi hoto. Ba ka yi asarar komai ba.

Buɗe murfi a tsakiyar fim ya fi haɗari. Fim ɗin da ke cikin gwangwani lafiya lau yake. Wanda ke gurbin ɗauka da zagayen waje na kwarkwaron dama sun tafi. Na ciki kuma zagayen waje ne ke yi musu garkuwa. Saboda haka ka ɗauki hoton da kake so, ka harba biyu ko uku da hannu a kan idon kyamara kana murɗawa, ka shiga ɗaki ko inuwa mai duhu, ka ɗaga murfin milimita ɗaya zuwa biyu, ka mayar kafin ka ƙirga ɗaya. Ka sa a ranka hoto biyu zuwa huɗu sun tafi. A kyamarori da yawa ma'aunin lamba yana komawa farko da zarar murfi ya buɗe, don haka ka rubuta inda kake. Idan ka rasa lissafi, ka lura da taurin murɗawa a ƙarshe, domin haƙoran roba ne a ciki, tilastawa tana karya su ko ta yage ramukan fim. Waɗannan ramukan kuma su ne ke bari haske ya ratsa zuwa zagayen ciki, ya bar jerin ƙananan tabo masu kusurwa huɗu a gefen hotuna. Wanda ya saka fim 35 a cikin Holga 120 kuwa, dole ya toshe jar taga ciki da waje, kuma a duhu sosai zai cire fim ɗin, tunda ba ta da abin mayar da shi gwangwani.

Akwai wata dabara ga wanda ke son tabo a daidai kusurwar da ya zaɓa. Ƙyauren Holga ba a haɗe yake da abin murɗa fim ba, kana iya harbawa sau biyu a gurbi ɗaya. Ka ɗauki hotonka, kada ka murɗa. Ka shiga ɗaki mai duhu, ka rufe tocila da jar leda, ka riƙe ta dab da idon kyamara a gefen da kake so, ka sake harbawa. Tabon ba zai hau bakin fim ba, amma a hoton da aka buga ba mai ganewa. Sai dai ka duba ɗan makunnin da ke ƙarƙashin kyamarar yana kan N. Idan ya zame zuwa B, ƙyauren zai zauna a buɗe muddin yatsanka na kai, duk hotunan su fito a dagule.

Wajen tsara hoton, a riƙe cewa yoyo ƙari yake yi, ba ya ragewa. A kan farar sama ko farin bango ɓacewa yake yi, a kan inuwa, baƙin tufafi ko ganye mai duhu ne yake ci da wuta. Idan ka san kyamararka a kusurwar hagu ta sama take yoyo, ka sa wani abu mai duhu a nan, ka kawar da fuskar mutum zuwa ɗaya ɓangaren. Kuma hoton kansa ya sami isasshen haske. Nagetif mai launi irin Kodak Gold 200 ko Portra 400 yana jure ƙarin haske sosai, amma idan hoton ya yi ƙarancinsa, tabon zai danne shi. Fim na silaid, wanda ke fitowa da launukansa na gaskiya ba nagetif ba, ba shi da wannan haƙurin, ɗan ƙari kaɗan sai wurin ya wanke fari, don haka ba na ba mai koyo shawarar farawa da shi.

Ba kowane tabo ne yoyo ba. Hazo da ya rufe fim ɗin gaba ɗaya, launuka suka dushe, wannan zafi ne ko tsufa. Layuka masu lanƙwasa da ke maimaita kansu suna iya zama aikin na'urar binciken kaya ta filin jirgi. Jan zobe a kewayen fitilu a fim irin CineStill 800T kuwa daga ƙirar fim ɗin ne, an cire masa baƙin shafin baya. Maganar zafi ta shafe mu kai tsaye. Fim a firji ake ajiye shi cikin robarsa, a fitar a bar shi awa ɗaya ko biyu kafin a buɗe don kada raɓa ta kwanta masa. Kada a bar kyamarar a gaban mota, murfin yana lanƙwashewa ya buɗe sababbin kafofi, lissafin littafinka ya tashi a banza. A lokacin hunturu kuma a goge cikinta kafin a saka fim, ƙwayar ƙura ɗaya a kan firam tana jan layi daga hoton farko har na ƙarshe.

Saura mai wanki. Ka gaya masa tun farko da gangan ka yi, in ba haka ba zai tsallake hoton farko da duk wanda ya ga ya ƙone, ko ya datse su da almakashi. Ka roƙe shi ya yi sikanin kowane gurbi, ya kashe gyaran launi na kai-tsaye ko ya daidaita da hannu, domin na'urar idan ta ga babban jan tabo takan yi ƙoƙarin kashe shi, sai sauran hoton ya koma kore-kore ko ya yi duhu. Idan yana iya haɗawa da bakin fim a sikanin, ya fi. Kuma ka karɓi nagetif ɗinka a hannu, da shi za ka gwada abin da ka rubuta a littafi.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu, ma'abocin ɗaukar hoto da fim